Jiragen Yehoshafat da Jirgin Ummaru

Badariya, Birnin Kebbi

Zuwa ga ɗana Timoti,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gidan fasto da suka ba ka masauki tun ranar Lahadi. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya kai ka ƙasar Yawuri lafiya, ya sa mutanen da aka ba ka kiwo su karɓe ka hannu biyu. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa, ita kuwa ta daɗe da daina jin maganata.

Na rubuto ne don baki ya gaza. Ranar Lahadi da muka dawo daga sujada na soma yi maka magana, kafin in kai ko'ina ka jero mini ayoyi, ka ɗauki jakarka ka fita, ka bar tuwonka a rufe. Ni kakata ce ta rene ni, matar da ta zo garin nan daga ƙasar Yarbawa da kwandon goro a ka, kuma ba ta taɓa kai tatsuniya ƙarshe ba sai ta biya ta ƙauyuka. Ban gaji gajeriyar magana ba. Takarda kuwa ba a katse ta, sai dai a yage. In ka ga dama ka yage, amma bayan ka karanta.

Wa'azinka na bankwana ya yi daɗi, ba zan hana ka wannan ba. Muryarka ta cika ɗakin, mata sai amin suke yi. Ka ɗauko labarin sarki Yehoshafat daga littafin Tarihi na biyu, yadda ya haɗa kai da mugun sarki Ahaziya suka yi jiragen fatauci, annabi ya ce masa saboda haɗin nan Ubangiji zai rushe aikinsa, jiragen kuwa suka farfashe. Sannan ka nuna ni da hannu. Ka ce a gidanku ma an ga haka: ubanka ya haɗa jirgi da wanda ba mai bi ba, ruwa ya ci jirgin, ya ci mahaifiyarka, kowa ya ɗauki darasi. Mutane suka juyo suna yi mini irin kallon da ake yi wa rago ana gobe Sallah.

Kunyar nan ba ta dame ni ba, tsoho ya saba. Abin da ya dame ni shi ne wani ya ɗauki wa'azin a waya, waya kuwa ba ta san iyakar coci ba. Ya bi hannu hannu har Argungu, har ɗakin da Malam Ummaru yake kwance, mutumin da muka haɗa jirgin da shi. Ya saurara har ƙarshe. Ya aiko mini da tambaya, kuma ba ni ya yi wa ita ba, kai ya yi wa. Zan faɗa maka ita, amma ka bar ni in biya ta ƙauyukana tukuna.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki kaina mai toshe jirgi. Shekarun da nake koyar da ajin maza kafin sujada, wani mai gyaran rediyo da ake ce wa Istifanus, Allah ya jiƙansa, ya zo mini da tambaya. Ya ce, "Dattijo, zinariyar da jiragen Sulemanu suka kawo daga Ofir, littafin Sarakuna ya faɗi yawanta, na Tarihi ya faɗa ya ƙara a kai. Wane ne bai iya awo ba?" Ko numfashi ban ja ba na ce, wani ya auna a inda aka yi lodi, wani ya auna a inda aka sauke, tsakanin nan kuwa akwai rabon matuƙa. Aji ya yi dariya, aka tafa. Mako na gaba ya dawo. Ya ce a Sarakuna Sulemanu ne ya ba Hiram sarkin Taya garuruwa, Hiram ya duba ya raina, amma a Tarihi Hiram ne ya ba Sulemanu garuruwa. Na ce, kai Istifanus, ba ka taɓa ganin an mayar da kaya ba? Aka sake tafawa.

Mai yiwuwa amsoshin nan daidai ne. Na ji malamanku na makarantar Littafi ma suna faɗin makamancinsu, da Turanci mai tsawo. Amma ni ba don na sani na faɗa ba. Na faɗa ne don na ga rami, ni kuwa ba na iya ganin rami in bar shi, sai na cusa auduga na shafa kwalta. Kana zaune a gefena kana ganin yadda ake tafa wa mai saurin amsa. A nan ka koyi cewa shiru abin kunya ne ga mai riƙe da Littafi. Ni na koya maka. To yanzu ina janyewa. In ka tarar da wuri biyu a Littafi ba su zauna daidai ba, kada ka yi gaggawar ɗaure su da igiya. Waɗanda suka tattara Littafin nan ba makafi ba ne, sun ga abin da Istifanus ya gani, suka bar kowane a wurinsa, ba su goge ɗaya don ɗaya ya ji daɗi ba. In su ba su tsorata ba, kai me ya tsorata ka? Ka koyi cewa "ban sani ba" a gaban jama'a. Harshe ba ya faɗuwa don ita, na gwada, a makare.

Yanzu ɗauko Littafinka ka buɗe ƙarshen Sarakuna na farko. Labarin jiragen Yehoshafat yana nan ma, amma ba yadda ka karanta mana ba. A can an ce ya yi jirage don su je Ofir ɗauko zinariya, ba su tafi ba, suka farfashe a tasha. Ahaziya ya ce bari mutanena su tafi tare da naka, Yehoshafat ya ƙi. Shi ke nan. Babu annabi, babu dalili. Littafi ɗaya ya ce ya haɗa kai, ɗaya ya ce ya ƙi. Ɗaya ya ce Tarshish aka nufa, ɗaya ya ce Ofir. Na san abin da za ka ce, cewa jirgin Tarshish sunan irin jirgi ne, kamar yadda muke cewa motar Legas ko da Kamba za ta. Kuma za ka ce da farko ya haɗa kai, jirage suka fashe, aka sake yi masa tayi ya ƙi. Wannan na ƙarshe na yarda da shi ba don malami ba. Na yarda don ni ma haka na yi, ɗaya bayan ɗaya.

Kana ɗan yaye lokacin, ba za ka tuna ba. Sana'ata sayen shanshera, wato shinkafar da ba a sussuka ba, daga Zauro har Argungu, mahaifiyarka Rahila tana turarawa muna kai wa injin. Ummaru manomi ne kuma masunci, gidansu a wata tunga, ƙaramin ƙauyen masunta, hayin ruwa daga Argungu. Ni na kawo katako, shi ya kawo masassaƙi, ƙanensa Sa'idu ya zama matuƙi. Shi yana ce mini Bayarabe mai tsoron ruwa, ni ina ce masa Bakabe mai warin kifi. In lokacin salla ya yi ina tsare masa buhuna. In Lahadi ce ba ya aiko mini da kaya. Ba mu taɓa zama mun tsara wannan ba, haka kawai ya zama.

A shekarar ruwa ya zo da wuri, ya hau gonaki kafin shinkafa ta bushe, mutane suna yanka daga cikin jirgi. A makon ne matar Ummaru ta haihu, mahaifiyarka ta ƙetara. Ga wurin da labari ya rabu biyu, kamar na Ofir da Tarshish. Mutanen cocinmu suna cewa ta je duba kaya ne, wato fatauci ya kai ta. Mutanen tunga suna cewa barka ta zo, ta kawo sabulu da zane, ta kwana tana dafa wa mai jego ruwan wanka. Wa ya yi ƙarya? Babu. Ta je barka, kuma Rahila ba ta taɓa wuce buhun shinkafa ba ta tsoma hannu ba.

Da za ta dawo ta hau jirginmu. Sa'idu yana da layin da ya saba jera buhuna ya tsaya, ranar ma a nan ya tsaya, bai ƙara ko ɗaya ba. Amma buhun jiƙaƙƙiyar shanshera ba buhun busasshiya ba ne. Ido yana ganin kayan jiya, jirgi yana jin wasu. Duk wanda ya tashi a bakin ruwan nan ya san haka, kuma a ranar duk suka manta, don kowa yana tseren kada shinkafa ta tsira a cikin buhu. Ni na aika a hanzarta, wannan ba asiri ba ne, kowa a Argungu ya sani. Ummaru yana tsaye a gaɓa ya ga bakin jirgi ya kusa ruwa, ya bar shi ya tashi. Da suka kai tsakiya iska ta taso. Wasu da suka tsira sun ce kututture suka doka a ƙarƙashi, wasu sun rantse babu kututture a wurin. Da hantsi ne, rana tsaye, mutane suna kallo daga gaɓa biyu. Kowa ya fita sai mutum biyu, mahaifiyarka da Sa'idu.

Ummaru ya faɗa ruwa shi da masunta. Ya ce musu a nemi baƙuwa tukuna. Shi ya fito da ita da hannunsa. Ya sa aka lulluɓe ta da zanen matarsa, ya hau bayan a-kori-kura ya zauna kusa da ita har ƙofar gidan nan, rigarsa ta bushe a jikinsa a hanya. A lokacin ƙanensa yana cikin ruwa ba a gan shi ba. Sai daga baya aka tsince shi can ƙasa, cikin ciyawa, a yanayin da ba a bar matarsa ta gani ba.

Kuskurena na biyu a zaman makoki ya same ni. Dattijo Bitrus, mai shagon kayan babur, mutumin kirki ne, shi ya biya kuɗin akwatin gawa ba a roƙe shi ba. Ya zauna kusa da ni a tabarma, ya buɗe Tarihi na biyu, ya karanta mini abin da ka karanta mana. Ya rufe ya ce, "Dauda, ka ji dai." Na ji kuwa. Na karɓa da hannu biyu kamar mai ƙishi. Ka san don me? Mutuwar da ba ta da dalili ta fi ƙarfin ɗauka. Iska da kututture da jiƙaƙƙen buhu ba ka iya tuba daga gare su. Amma in abota ce laifin, sai ka yanke ta ka ji ka yi wani abu.

Bayan an share makoki Ummaru ya zo. Ya zauna a dakalin nan na ƙofar gida, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Bayarabe, ka tashi mu sake wani jirgi. Kana da yaro, ni ga marayun Sa'idu. Zama ba shi ciyad da su." Na ce masa a'a. Ya ce, "Mi nay yi ma?" Na ce ba ka yi mini kome ba, Littafinmu ne ya hana. Ya ce, "To, ba ni gardama da littahin mutum." Ya sa hularsa ya tafi. Ka ga Tarihi ya cika a kaina, Sarakuna ma ya cika. Na haɗa kai, jirgi ya nutse, aka yi mini tayi na ƙi. Na yi zaton na zama Yehoshafat. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne, in ni ne Yehoshafat, wa na mayar Ahaziya? Littafi da kansa ya shaidi muguntar Ahaziya, ya faɗi abin da ya aikata. Ummaru kuwa abin da na sani a kansa shi ne ya bar ɗan'uwansa a ruwa ya rako mini gawar matata.

Ga gargaɗina a nan. Kafin ka ɗora labarin Littafi a kan mutum mai rai, ka duba ko rigar ta shige shi ko'ina, ba wuya kaɗai ba. Kowa yana son ya zama sarkin kirkin da ya yi kuskure. Ba wanda yake lura cewa sai ya samo wani ya sa masa rigar mugun.

Na uku shi ne shiru. Innarka Saratu, yayar mahaifiyarka, ta ɗauke ka zuwa Zuru ta rene ka har ka isa makaranta, Allah ya saka mata. Ta ba ka labarin kamar yadda Bitrus ya ba ni shi, don ita ma tana bukatar wanda za ta ɗora wa laifi. Ni kuwa a shekarun nan na riga na sake karanta wurin, na ga abin da ya hana ni sukuni, amma na ce yaro ne, in ya girma ma yi magana. Ka girma, na ce in ya gama makaranta. Ka gama, ka hau bagade ka yi wa'azi da labarin.

Ga abin da na gani, ka duba da kanka ko ƙarya nake. A Tarihi, annabin nan Eliyezer ya yi maganarsa ne jiragen suna nan lafiya, sannan suka farfashe. Ya faɗa wa sarki a fuskarsa, lokacin da in maganar ba ta cika ba shi zai sha kunya, ko abin da ya fi kunya. Mu fa? Shekarun da jirginmu yake kai da kawowa, Bitrus ya ci tuwon shinkafar da ya ɗauko, ya yi santi, ya nemi ƙari. Coci ya karɓi baikon godiyata kowace kaka. Ba wanda ya ce mini Ubangiji ya ce kome. Sai da aka shimfiɗa tabarmar makoki kowa ya zama annabi. Faɗin dalili bayan abu ya faru ba ya bukatar wahayi, Timoti, ko mai sayar da rake a tasha yana yi. Sannan ka lura da wani abu. A littattafan nan biyu ba a ce ko mutum ɗaya ya mutu a jiragen Yehoshafat ba. Katako ne ya farfashe a tasha. A namu uwarka ce, da wani matashi da ya bar 'ya'ya da mata mai ciki.

Shi ya sa na daina ganin littattafan nan biyu kamar masu faɗa. Wanda ya rubuta Tarihi an ba shi dalili, ya faɗa. Wanda ya rubuta Sarakuna ya faɗi abin da ya faru, ya ajiye alƙalami. Ban san don me bai kawo annabin ba, kuma ba zan ƙaga ba, na daina sana'ar kwalta. Amma na gode wa Allah da ya bar shi a cikin Littafi, don yawancin ranakun mutum irin nasa ne: jirgi ya fashe, ba a aiko kowa ya yi bayani ba.

Inda za ka, bakin kogin Kwara ne. Ruwan can ya fi namu faɗi, jiragensu sun fi namu ɗaukar mutane, kuma ka san labarin da kan zo daga can ranar kasuwa. Ba za ka daɗe ba za a kira ka bakin kabari, wataƙila kaburbura a jere. Wata mata za ta kama rigarka ta ce, Fasto, don me? Za ka ji ayoyi suna tururuwa a bakinka, don kana da su da yawa, kuma za a ce amin in ka saki ɗaya. A ranar ka tuna da ni a kan tabarma. Abin da ka ba ta za ta karɓa, ta kai gida, ta ciyar da 'ya'yanta da shi, wata rana ɗayansu ya tashi a gaban jama'a ya nuna wani da hannu. In Allah bai gaya maka tun kafin jirgin ya tashi ba, to bai gaya maka ba. Ka riƙe hannunta, ka yi addu'a, ka taimaka a haƙa ramin.

To, mun iso. Wadda ta kira ni a waya 'yar Ummaru ce, jaririyar da mahaifiyarka ta je wa barka. An yi sunanta ana cikin makoki biyu, ba kiɗa ba taro. Sunanta Rahila. Ba ka taɓa jin wannan ba don ban taɓa kai ka ba. Ta ce jikin babanta ya yi nauyi, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce a koma da shi gida. Ta kara masa wayar a kunne, muryarsa kamar daga cikin rijiya. Bai gaishe ni da Bayarabe ba, ya ce Dauda. Ya ce, "Na ji ɗanka, ya iya magana, Allah shi yi mai albarka. Ka tambayam min shi, ni am mugun sarkin? In ni na, na ji, tsakanina da Allah. To Sa'idu hwa? Shi da wa yah haɗa kai?"

Ban ba shi amsa ba. Ni da nake da amsar zinariyar Ofir.

Motarka ta Yawuri ranar Asabar ce. Ni ranar Alhamis da safe zan tafi Argungu, na riga na gaya wa direban da ke ɗaukar albasa ya ajiye mini gaba saboda gwiwa. Na ce masa wuri biyu. Ba na ce ka je ka yi masa wa'azi ba, ba na kuma ce ka bar abin da ka gaskata a ƙofar zaure ba. Shi ma ba zai so haka ba, ya riga ya ce ba ya gardama da littafin mutum. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ga hannun da ya fito da uwarka, ka ji tambayarsa daga bakinsa. In kana da amsa ka ba shi. In ba ka da ita ka faɗa masa haka, zai gane, ya daɗe da zama da rashinta fiye da kai. Rahilar Ummaru ta ce kada mu wuce makon nan, kuma ba ta yi kama da mai ƙara gishiri ba.

In ba ka zo ba zan tafi ni kaɗai, ba kuma zan janye albarkata ba, uba ba ya ciniki da ita. Sai dai in ya tambaye ni ina yaron, ban san abin da zan ce ba, kuma a wannan karon ba zan ƙaga ba.

Ubangiji ya kiyaye ka a tudu da ruwa. Ya tsare ka daga jirgin da aka cika, da direba mai gaggawa, da amin ɗin jama'a. Ya ba ka kunne kafin ya ƙara maka murya. Ya jiƙan mahaifiyarka Rahila, ya jiƙan Sa'idu, ya sauƙaƙa wa Ummaru. Ka gaida fasto da maman gida.

Motar albasa a bakin tsohuwar kasuwa take tsayawa. Ba ta jiran kowa, amma zan yi ta jan direban da hira gwargwadon iyawata.

Ni ne mahaifinka,
Dauda